Maganin Ƙwayoyin Halitta ga Lufus da Danginta: Ina Gaskiya, Ina Talla?

Shin da gaske an samo hanyar warkar da cutar lufus da danginta, wato cututtukan da garkuwar jiki ke far wa mai ita, ta amfani da ƙwayoyin jikin mutum? Tambayar da masu fama da waɗannan cututtuka da iyalansu ke ta yi ke nan tun da labari ya fito daga Jamus cewa wasu marasa lafiya sun ajiye dukkan magungunansu bayan an ƙara musu ƙwayoyin jini sau ɗaya tak. Maganar ta ƙara ƙarfi a watan Oktoban 2025, da aka ba masana uku kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda gano ƙwayoyin da ke hana garkuwar jiki far wa mai ita. Ga kuma tallace-tallace sun cika intanet, asibitocin kuɗi a ƙasashe daban-daban suna alkawarin allurar "ƙwayoyin asali" (wato ƙwayoyin da sauran ƙwayoyin jiki ke fitowa daga gare su) da za ta kori ciwon gaɓɓai da ciwon suga da shanyewar jiki, har ma da tsufa.

Jama'a da yawa sun ɗauka duk abu ɗaya ne. Ko alama. A ciki akwai hanyar da aka shafe kusan shekara 30 ana bi, an san amfaninta an san illarta. Akwai sabuwa mai ban mamaki wadda har yanzu gwaji ake yi. Akwai kuma wadda ake karɓar kuɗin mutane a kanta ba tare da hujja ba. Wanda bai rarrabe su ba, ko dai ya fid da rai daga abin da ya cancanci a sa masa rai, ko ya sayar da kadararsa ya je ya sayo wahala.

Idan garkuwa ta juya wa mai ita

Abin da muke kira garkuwar jiki, galibinsa fararen ƙwayoyin jini ne da ake ƙerawa a cikin ɓargo. Iri biyu ne suka fi shafar maganarmu, ƙwayoyin B da ƙwayoyin T. Ƙwayoyin B su ke samar da sinadaran kariya da ake kira antibodi, masu manne wa ƙwayar cuta su yi mata alama. Ƙwayoyin T kuwa wasunsu kisa suke yi kai tsaye, wasu su ba da umarni, wasu kuma aikinsu tsawatar wa saura ne idan abin ya wuce gona da iri.

Tun suna ƙanana jiki ke horar da su yadda za su bambance nasu da baƙo. Wadda ta nuna alamar za ta far wa jiki, a kashe ta ko a kwantar da ita. Sai dai horon ba ya cika ɗari bisa ɗari. Idan gado ya haɗu da wani abin da ya tsokano lamarin, kamar kamuwa da wata ƙwayar cuta ko shan taba, sai garkuwa ta koma kamar mai gadin da ya daina gane mutanen gida, duk wanda ya fito tsakar gida ya sha sanda.

Sunan cutar ya danganta da inda sandar ta sauka. Idan a gaɓɓai ne, a samu amosanin da ke kumbura yatsu har ya tanƙwara su. Idan a rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka ne, cutar da aka fi sani da MS ke nan, mai kawo dishi-dishin gani da mutuwar ƙafa. A hanji akwai cutar Crohn, kumburin da ba ya ƙarewa. Akwai ciwon suga nau'i na 1, inda garkuwa ke kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin. Akwai cutar taurin fata, wadda ke ƙamar da fata har buɗe baki ya yi wuya, ta kuma sauka a huhu. Lufus ita ba ta da wuri ɗaya: fata, gaɓɓai, ƙoda, zuciya, ƙwaƙwalwa, ko'ina tana iya taɓawa. Cututtukan irin wannan sun haura 80. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2023, wanda ya duba bayanan mutum miliyan 22 a Birtaniya, ya gano kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da ɗaya daga cikinsu. Mata suka fi shan wuya. A lufus ma, 9 cikin 10 mata ne, yawanci a shekarun haihuwa, kuma ta fi yawa da tsanani a baƙaƙen mata da ƴan Asiya.

Magungunan da ake da su suna aiki, kada a yi musu butulci. A shekarun 1950 kusan rabin masu lufus ne kawai ke kai shekara 5 bayan an gano cutar. Yau fiye da 9 cikin 10 suna wuce haka inda ake samun kulawa. Amma aikinsu danne garkuwa ne, ba gyara ta ba, shi ya sa ba a dainawa. Dubi matashiya mai lufus mai tsanani: ƙwayoyin magani safe da dare, fuska ta cika ta yi zagaye saboda maganin danne kumburi da ake kira sitiroyid, ƙashi ya fara laushi tun ba ta kai shekara 30 ba, mura kaɗan ta kwantar da ita mako guda. Kullum idonta na kan fitsarinta ta ga ko kumfa ta ƙaru, domin kumfar nan furotin ne da ƙodarta ke zubarwa. Wasu kuma duk da wannan ɗawainiya cutar ba ta jin magani, har ta kai su ga wankin ƙoda. Saboda irin waɗannan ne aka fara neman wata hanya.

Me ake nufi da magani da ƙwayoyin halitta?

Maganin da muka saba da shi sinadari ne, a sha ko a yi allura, ya yi aikinsa jiki ya fitar da shi. A nan kuwa maganin rayayye ne. Ƙwayoyi ne masu rai ake sakawa a jiki, na mutumin da kansa ko na wani, waɗanda ke iya hayayyafa, su yi yawo, su yi aiki na watanni. Burin da ake nema ya bambanta: ko a share garkuwar da ta ɓace hanya domin sabuwa ta fito, ko a kwantar da kumburi, ko a maye gurbin ƙwayoyin da cutar ta riga ta kashe. Duk wanda ya ce miki "maganin ƙwayoyin halitta" bai faɗi wace ƙwaya ba, kuma da wane buri, to bai faɗa miki komai ba tukuna.

Dashen ɓargo, tsohuwar hanya mai nauyi

Tun tsakiyar shekarun 1990 likitoci suka fara aro dabarar dashen ɓargo daga masu maganin kansar jini. Ana ɗibar ƙwayoyin asalin jini na majinyacin a ajiye a daskare. Sai a ba shi magungunan cutar kansa masu ƙarfi su share garkuwarsa kusan baki ɗaya, sannan a mayar masa da ƙwayoyinsa su sake gina jini. A nan akwai abin da mutane kan fahimta a baibai. Ba ƙwayoyin asalin ne ke maganin cutar ba. Sharewar ce maganin, su kuma ƙwayoyin ceto ne, don kada mutum ya mutu da rashin jini da garkuwa.

An gwada wannan hanya yadda ya kamata, wato a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a a kwatanta. A wani gwaji na Turai da aka buga a 2014, mutum 156 masu cutar taurin fata mai tsanani suka shiga. Daga cikin 79 da aka yi wa dashe, 8 sun rasu a shekarar farko sanadiyyar aikin dashen, kusan 1 cikin 10 ke nan. Amma da shekaru suka tura, ɓangaren dashen ya fi yawan waɗanda suka rayu. Ka ga halin da majinyaci ke shiga idan aka ajiye masa wannan zaɓi, gaba kura baya sayaki.

A cutar MS sakamakon ya fi daɗin ji. Gwajin da Dakta Richard Burt na jami'ar Northwestern da ke Chicago ya jagoranta, wanda aka buga a 2019, ya haɗa mutum 110. Cutar ta ci gaba da ta'azzara a mutum 3 kawai cikin waɗanda aka yi wa dashe, a ɓangaren masu shan magani kuwa mutum 34, ko da yake wasu sababbin magunguna mafi ƙarfi ba sa cikin waɗanda aka kwatanta. Dashen ya fi amfanar matasa masu nau'in cutar da ke tashi ta kwanta. Jijiyar da ta riga ta mutu ba ya dawo da ita. A cutar Crohn kuwa babban gwajin da aka yi bai ba da abin da ake fata ba. Sannan maganin sharewar na iya hana haihuwa, abin da ba ƙaramin lamari ba ne ga matasa.

Abin da ya faru a Erlangen

Labarin da ya girgiza fannin nan daga fannin cutar kansa ya samo asali. A 2012 likitoci a Philadelphia suka ceto wata yarinya mai suna Emily Whitehead daga kansar jini da wata dabara da ake kira CAR-T. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da irinsa na farko, mai suna Kymriah.

Ga yadda ake yi. Majinyaci zai zauna na ƴan sa'o'i a jikin wata na'ura, jininsa na fita ta bututu ɗaya, na'urar ta tace fararen ƙwayoyi, sauran jinin ya koma ta wani bututun. A ɗakin gwaje-gwaje a ware ƙwayoyin T, a saka musu sabon umarni a cikin ƙwayoyin gadonsu ta amfani da wani bairos da aka kashe wa dafi. Umarnin zai sa su fito da wani ƙugiya a jikinsu da ke gane alama guda, wadda ake kira CD19, kuma wannan alama a jikin ƙwayoyin B take. A raine su kimanin mako biyu su yawaita. Kafin a mayar da su, a ba majinyacin magungunan cutar kansa na kwana uku domin a rage fararen ƙwayoyinsa, sababbin su sami wurin yaɗuwa. Ranar ƙarin kuwa abin ba shi da wani armashi a ido: ƴar ƙaramar leda ce, a rataya, cikin ƴan mintuna ta ƙare. Amma abin da ke cikinta zai ninka kansa sau da yawa a jiki, ya bi ƙwayoyin B duk inda suke ya kashe.

Farfesa Georg Schett, likitan cututtukan gaɓɓai, da Farfesa Andreas Mackensen, likitan jini, dukkansu na asibitin jami'ar Erlangen a Jamus, su suka yi tunanin cewa tunda ƙwayoyin B ne ke samar da antibodin da ke cin jikin mai lufus, me zai hana a juya wannan makami kansu? An riga an gwada a ɓeraye a Amurka a 2019 an ga alheri. A 2021 suka gwada a kan wata budurwa ƴar shekara 20 wadda lufus ya kama mata ƙoda da zuciya da huhu da gaɓɓai, kuma duk magungunan da aka ba ta sun gaza. Cikin ƴan makonni antibodin da ke cutar da ita ya ɓace daga jininta, furotin ya daina zuba a fitsari, aka janye mata magunguna.

A watan Fabrairun 2024 suka buga sakamakon mutum 15 a mujallar likitanci ta New England: 8 masu lufus, 4 masu taurin fata, 3 masu kumburin tsoka. Dukkan masu lufus ɗin cutarsu ta kwanta, sauran ma sun sami sauƙi a fili, kuma duk su 15 an dakatar musu da magungunan danne garkuwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana ba ɓacewar ƙwayoyin B ba ne, dawowarsu ce. Bayan kimanin wata uku zuwa huɗu ƙwayoyin CAR-T suka ƙare, ɓargo ya fitar da sababbin ƙwayoyin B, amma cutar ba ta biyo su ba. Sababbin sun fito ba su gaji ƙiyayyar tsofaffin ba. Wani ƙarin alherin kuma, kariyar da mutum ya samu daga rigakafin da aka yi masa a baya galibinta ta tsira, saboda tsofaffin ƙwayoyin da ke riƙe da ita a cikin ɓargo yawancinsu ba sa ɗauke da alamar CD19.

Mai bibiyar fannin zai ce ai da ma akwai maganin da ke kashe ƙwayoyin B, wato rituximab. Haka ne, kuma manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi da shi a kan lufus ba su cim ma abin da aka sa gaba ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne rituximab yana share jini amma yana barin saura a kaluluwa da saifa da cikin gaɓoɓi, daga nan cutar ke sake tasowa. Ƙwayar T kuwa rayayyiya ce, da kanta take kutsawa can ciki.

Ba nan gizo ke saƙa ba

Ina cikin waɗanda wannan labari ya faranta wa rai matuƙa, kuma ina ganin ya cancanci murnar da ake yi. Amma adalci ga marasa lafiya shi ne a faɗa musu ɗaya rabin maganar.

Lokacin da ƙwayoyin CAR-T suka fara kisa, jiki kan ɗauki zafi. Zazzaɓi ya tashi, jini ya sauka, numfashi ya yi wuya. Wani lokaci ƙwaƙwalwa ta taɓu, mutum ya rikice ko magana ta sarƙe masa, shi ya sa ma'aikatan jinya kan sa majinyaci ya rubuta jimla ɗaya kullum su duba ko rubutun ya canza. A marasa lafiyar Erlangen abin ya zo da sauƙi, galibi zazzaɓi ne, amma a masu cutar kansa wannan matsala ta kashe mutane. Don haka ba a yin sa sai a asibitin da ke da ɗakin kulawa ta musamman da ƙwararrun da suka saba da shi. Bayan an sallami mutum ma akwai watannin da garkuwarsa ke ƙasa, cuta ƙarama na iya zama babba.

Akwai kuma maganar cutar kansa. A watan Janairun 2024 hukumar FDA ta nemi a sa gargaɗi mafi girma a jikin magungunan CAR-T, bayan an samu rahoton mutum 22 da kansar ƙwayoyin T ta kama a cikin fiye da 27,000 da aka yi wa a Amurka. Adadin kaɗan ne, kuma ba duka aka tabbatar maganin ne sanadi ba. Sai dai lissafin mai kansar da aka ce saura masa watanni daban yake da na budurwa mai lufus da ke da shekara 50 a gabanta. Haɗarin da na farko zai karɓa hannu bibbiyu, ta biyu dole ta tsaya ta auna.

A nan ne masana suka rabu. Masu zumuɗi suna cewa ba a taɓa ganin magani ya kwantar da lufus mai tsanani har a ajiye komai ba, don haka a gaggauta, a ma riƙa yi tun kafin ƙoda ta lalace. Masu taka-tsantsan suna cewa waɗanda aka yi wa ba su da yawa, an zaɓo su ne a tsanake, ba a kwatanta su da wani rukuni ta hanyar ƙuri'a ba, kuma mafi daɗewarsu ƴan shekaru ne kawai. Suna kuma nuni da cewa an fara samun waɗanda cutar ta dawo musu, har a Erlangen ɗin. Shi ya sa likitocin kirki ke cewa cutar "ta lafa", ba sa cewa "ta warke". Ni dai ina ganin masu taka-tsantsan sun fi gaskiya a kan kalmar da za a faɗa wa majinyaci, masu zumuɗi kuma sun fi gaskiya a kan saurin da ya kamata bincike ya yi. Har zuwa ƙarshen 2025 babu CAR-T ɗin da aka amince da shi a Amurka ko Turai don cututtukan garkuwa. Duk wanda ya samu, ta hanyar gwaji ne ko izini na musamman.

Sai kuɗi. Kymriah ya fito a kan dala 475,000, ban da kuɗin kwanciya asibiti. Tsadar ta samo asali ne daga cewa kowane mutum sai an ƙera masa nasa. Hanyoyi biyu ake bi don karya ta. A 2024 likitoci a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka ba da rahoton mutum 3 da aka yi wa magani da ƙwayoyin T na wani lafiyayye, bayan an gyara su yadda jikin baƙo zai karɓe su, wato za a iya ƙerawa da yawa a ajiye. Hanya ta biyu ta fi wannan buri: a yi wa mutum allurar da za ta kai umarnin cikin ƙwayoyin T ɗinsa suna cikin jiki, ba na'ura, ba raino, watakila ma ba maganin sharewa. A 2025 kamfanin AbbVie ya amince ya sayi wani ƙaramin kamfani mai wannan fasaha, Capstan, a kan kuɗin da zai iya kai dala biliyan 2.1, alhali gwajinsa a kan mutane yana matakin farko.

Ƙwayoyin da aka fi tallatawa

Abin da asibitocin kuɗi ke sayarwa da sunan ƙwayoyin asali kusan kullum wani iri ne daban, wanda ake cirowa daga kitsen jiki ko ɓargo ko igiyar cibiyar jariri. Likitoci na kiran su MSC. A ɗakin gwaje-gwaje suna fitar da sinadaran da ke kwantar da kumburi, wannan gaskiya ne. Amma ba sa shiga jiki su rikiɗe su zama sabuwar gwiwa ko sabuwar jijiya kamar yadda talla ke nunawa. Idan aka saka su ta jijiyar jini, yawancinsu a huhu suke maƙalewa, cikin ƴan kwanaki sun ƙare.

Duk da ɗaruruwan gwaje-gwaje, inda suka tabbata kaɗan ne. A watan Disambar 2024 FDA ta amince da na farko, Ryoncil, kuma ga wata matsala guda ce: yaran da aka yi wa dashen ɓargon wani, sai sabuwar garkuwar ta far wa jikinsu, sitiroyid ya kasa. A wannan watan dai aka janye wani mai suna Alofisel daga kasuwar Tarayyar Turai. Tun 2018 aka amince da shi don maganin ƙofofin yoyo da cutar Crohn ke ɓulawa kusa da dubura, amma da aka sake gwada shi a kan mutane masu yawa, sai aka ga bai fi allurar da ba magani a ciki ba. Wannan labari ya kamata kowa ya riƙe. Magani ne da kamfanin gaske ya ƙera, hukumar gaske ta duba, ya yi nasara a gwajin farko, amma ya faɗi a na biyu. To ina ga wanda ba a taɓa gwadawa ba sam?

Kasuwar kuwa ba ƙarama ba ce. Wani bincike na 2021 ya ƙirga kamfanoni 1,480 masu asibitoci 2,754 a Amurka kaɗai suna sayar da irin wannan allura. Masu tallata ta kan ce ai daga jikinka aka ciro, ba za ta cutar da kai ba. A 2017 mujallar New England ta kawo labarin dattijai mata uku a jihar Florida da aka yi wa allurar ƙwayoyin kitsensu a idanu biyu rana ɗaya, kowacce ta biya dala 5,000. Ɗaya ta makance ɗungurungum, biyun ganinsu ya lalace matuƙa. Abin takaicin, sunan aikin ya fito a rajistar gwaje-gwaje ta gwamnatin Amurka, wanda hakan ya sa ya yi kama da bincike na gaskiya. An kuma samu waɗanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsu ta gurɓatattun kayan cibiya, da wanda ƙari ya tsiro masa a laka bayan ya zagaya ƙasashe yana karɓar allura. Mai shan maganin danne garkuwa ya fi kowa shiga haɗari idan abin da aka zuba masa ba tsaftatacce ba ne.

Kyautar Nobel da maganar ciwon suga

A 1995 Shimon Sakaguchi na ƙasar Japan ya nuna cewa akwai ƙwayoyin T na musamman masu tsawatarwa. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell a Amurka suka gano ƙwayar gadon da ake kira FOXP3, wadda idan ta lalace jariri ke zuwa da garkuwar da ke cin jikinsa. Bayan shekara biyu Sakaguchi ya haɗa biyun, ya nuna FOXP3 ce ke sarrafa waɗannan ƙwayoyi. Fatan da ake yi shi ne a raini masu tsawatarwar nan a ƙara wa majinyaci, a sulhunta garkuwa ba sai an share ta ba. Ana gwaje-gwaje da yawa, an ga jiki na karɓar su lafiya, amma kyautar ta gano ilimi ce, ba ta magani da ya shiga kasuwa ba.

A ciwon suga nau'i na 1 kuwa an ɗan yi nisa. A 2025 kamfanin Vertex ya buga sakamakon mutum 12 da aka saka wa ƙwayoyin samar da insulin da aka raina daga ƙwayoyin asali, kuma 10 daga cikinsu sun daina allurar insulin bayan shekara ɗaya. Sai dai dole su riƙa shan maganin danne garkuwa, in ba haka ba jiki zai kashe sababbin ƙwayoyin. An sauya nauyi da nauyi ke nan, wanda ya dace da masu faɗuwar suga mai haɗari kawai. Wannan kuma bai shafi nau'i na 2 ba, wanda shi ne ciwon sugan mafi yawan mutane.

Mai jinya a yau, me ya shafe shi?

Ga mafi yawan masu waɗannan cututtuka, maganin da ke hannunsu shi ne dai mafi alheri a yanzu. Wadda lufus ɗinta ke kwance da ƙwaya ɗaya ko biyu ba ta da dalilin shiga haɗarin CAR-T ko dashe, kuma babu likitan kirki da zai kai ta. Waɗanda ake dubawa su ne masu cuta mai tsanani, wadda ta kama gaɓa mai muhimmanci, ta ƙi jin magunguna da dama, kuma jikinsu na da sauran ƙarfin ɗaukar nauyin maganin. Hanyar kuwa ta hannun likitan da ke duba mutum take bi, shi zai tura shi cibiyar da ke gwajin.

Idan wani ya zo da tayin allura, akwai abubuwan da ke tona asiri da wuri. Maganin gaskiya yana da cuta ɗaya ko ƴan kaɗan da yake nufa. Wanda aka ce yana maganin amosani da suga da shanyewar ɓarin jiki da tsufa a lokaci guda, talla ne. Masu maganin gaskiya su ke fara lissafa maka illolinsa, su ba ka takarda ka karanta kafin ka sa hannu, su ce za su bibiye ka shekaru, a CAR-T ma har shekara 15. A gwajin gaskiya ba a saba cajin majinyaci kuɗin maganin da ake gwadawa ba. Bidiyon wani yana cewa ya warke ba hujja ba ne, domin lufus da MS da amosani da ma can suna tashi su kwanta da kansu, kuma wasu wuraren kan haɗa allurar da sitiroyid, mutum ya ji garau na ƴan makonni ya ɗauka ƙwayoyin ne. A tambaye su wace ƙwaya ce, daga jikin wa, wace hukuma ta amince da ita don wannan cutar takamaimai, a wace mujalla aka buga sakamakonta, kuma wa zai kula da mutum idan zazzaɓi ya rufe shi bayan ya koma gida.

Mafi haɗari a cikin duka shi ne mutum ya ajiye magungunansa saboda an yi masa allura an ce ya warke. Lufus na iya cin ƙoda a ɓoye tsawon watanni ba tare da wani ciwo ba, sai ƙafafu sun kumbura a gane, kuma abin da ya mutu a ƙoda ba ya dawowa. Sitiroyid ma idan aka daɗe ana sha ba a yanke shi rana ɗaya, domin jini na iya faɗuwa har a rasa rai. Su kansu marasa lafiyar Erlangen ba da ra'ayinsu suka daina ba. Likitocinsu ne suka janye magungunan bisa tsari, suna auna jini da fitsari a kai a kai, kuma har yanzu suna komawa a duba su.